Na Yi Mata Nasiha, Sai Ta Daina Zuwa Wurina

Tambaya:

Anti, barka da ƙoƙari. Ni malamar makaranta ce, 'yan mata nake koyarwa. Ban san dalili ba, amma tun ina ƙarama mutane ke kawo min kukansu: ɗalibai, abokan aiki, har da matan da suka girme ni. Kwanakin baya wata ɗalibata 'yar shekara 16, wadda mahaifiyarta ta rasu wata biyar da suka wuce, ta tsaya bayan an tashi, ta fashe da kuka, ta ce, "Malama, na gaji da duniya." Na rungume ta, na ce ta yi haƙuri, na tuna mata akwai waɗanda suka rasa uwa da uba gaba ɗaya, na ba ta labarin yadda ni ma na rasa tawa mahaifiyar, na yi ta yi mata nasiha kusan awa guda. Ta ce, "To Malama, na gode." Tun ranar ba ta sake zuwa ba, ko ido ba ta son mu haɗa. Me na yi ba daidai ba? Ina so in koyi sauraren mutane da kwantar musu da hankali yadda ya kamata, amma ba ni da halin komawa jami'a. Akwai hanya? Ni kaina kuma na fara gajiya, ana kirana har tsakar dare, barci ya soma yi min wuya.

Malama mai neman mafita

Amsa:

Ƙanwata, sannu da ɗawainiya. Maganar karatu za ta iya jira mu zo kanta a ƙasa, amma ta yarinyar nan ba za ta jira ba, don haka da ita zan fara.

Ki neme ta gobe, kada ki zauna jiran ta dawo da ƙafarta. "Na gaji da duniya" magana ce da ake furtawa don takaici kawai, a wuce wurin. Amma da irinta ne kuma mai tunanin kashe kansa yakan fara buɗe baki, ya ga ko akwai mai jin sa. Daga nesa ba yadda za ki yi ki gane wacce ce a cikin biyun, sai kin tambaya. Ki sami wurin da sauran ɗalibai ba za su jiyo ku ba, ki zauna kusa da ita, ba ke a tsaye ita a durƙushe ba, ki ce mata wani abu kamar haka: "Ranar nan kin zo da magana, ni kuma na cika ki da tawa. Yau taki na zo ji." Daga nan ki ja bakinki. Idan ta ce ba komai, kada ki matsa mata, ki dai faɗa mata rana da lokacin da za ta same ki. Sai dai akwai tambaya ɗaya da ba za ku rabu ba ki yi ta ba: "Da kika ce kin gaji da duniya, tunanin kashe kanki yana zo miki ne?"

Na san gabanki zai faɗi. Yawancin mutane suna tsoron cewa ambaton abin shi zai cusa wa yaro shi a rai. An bincika wannan sosai, kuma abin da aka gano shi ne tambayar ba ta cusa tunanin a ran wanda ba shi da shi. Wanda yake da shi kuwa sau da yawa sauƙi yake ji, don an ɗauke masa nauyin fara furtawa. Kewaye-kewaye ne ke ɓata abin. In kika ce, "Ba dai wani mugun tunani kike yi ba ko?", kin riga kin nuna mata amsar da kike so, ita kuma za ta ba ki. Alƙaluman Hukumar Lafiya ta Duniya sun nuna fiye da mutum 700,000 ne ke kashe kansu duk shekara, kuma abin yana cikin manyan sanadin mutuwar masu shekara 15 zuwa 29. Ɗalibarki tana cikin wannan zango, ga kuma sabon rashi. Wannan bai nuna lallai tana cikin haɗari ba, amma ya isa dalilin tambaya.

Idan ta ce a'a, kika kuma ga alamar gaskiya take faɗa, alhamdu lillahi, sai ku koma kan maganar mahaifiyarta. Idan ta ce e, ki danne firgicinki. Kada ki dafe ƙirji, kada ki kawo mata maganar zunubi ko abin kunya a wannan lokacin, duk ta san su, su ne ma suka rufe mata baki tun farko. Ki ce, "Na gode da kika faɗa min." Sannan ki bi a hankali: ta yi tunanin yadda za ta yi? Abin da za ta yi da shi yana kusa da ita? Ta sa rana? Ta taɓa gwadawa? Wanda ya tsara hanya, ko abin yake hannunsa, ko ya taɓa gwadawa a baya, ba a barinsa shi kaɗai, ba a kuma cewa sai gobe. A ranar za a sanar da babban da ke kula da ita, a kai ta wurin likita, a kawar da abin daga inda hannunta zai kai, ƙwayoyi ne ko maganin ƙwari. Kada ki raina wannan na ƙarshen. Tsananin tunanin yakan taso ne ya lafa, wani lokaci cikin mintuna ko awanni, kuma in abin bai zo hannu ba a wannan ɗan tsakanin, mutane da yawa suna tsira. Kusan ɗaya cikin biyar na masu kashe kansu a duniya maganin ƙwari suke sha. Da ƙasar Sri Lanka ta bi mafiya dafin magungunan ta haramta su, yawan masu kashe kansu a can ya ragu da kusan kashi 70 cikin 100 tsakanin 1995 da 2015.

Nan ne maganar sirri take shigowa, kuma nan ne masu kyakkyawar niyya suka fi ɗaure kansu. Kada ki taɓa yi wa mutum, balle yaro, alkawarin "ba wanda zai ji" tun ba ki san abin da zai faɗa ba. Abin da ake faɗa tun farko shi ne: "Maganarki amana ce a wurina, ba za ta je ɗakin malamai ba. Amma in na ga ranki ko na wani yana cikin haɗari, ko wani yana cutar da ke, dole in nemo mana taimako, kuma ba zan yi a ɓoye ba, ke zan fara faɗa wa." In ta kai ga sanarwa, ki bar mata zaɓi a inda zaɓi yake. Wa ta fi amincewa da shi a gida? Ita za ta faɗa kina zaune, ko ke za ki faɗa tana zaune? Ki kuma duba ƙa'idar makarantarku da dokar kare yara ta inda kike, don akwai abubuwan da malami ba shi da ikon riƙewa a cikinsa.

To, me kika yi ba daidai ba? Ba mugunta kika yi ba, rungumar nan ma ba a banza ta tafi ba. Amma ki yi lissafi: cikin awa gudan nan, minti nawa ta yi tana magana? Jimla ɗaya ta faɗa, kika karɓe. Har yau ba ki san abin da ya gajiyar da ita ba. Kewar uwa ce? Ko aikin gidan ne ya dawo kanta? Ko tana zargin kanta da wata magana da ta gaya wa mahaifiyar kafin ta rasu? Ko wani ne ya fara takura mata tunda mai tsare mata ta kau? Kowanne da irin taimakon da yake buƙata, kuma nasihar da aka yi tun ba a san wanne ba ne, da wuya ta sauka inda ciwon yake.

Ba ke kaɗai ba ce. A 1984 wasu masu bincike biyu a Amurka, Howard Beckman da Richard Frankel, sun naɗi ganawar likitoci da marasa lafiya, suka tarar a matsakaici daƙiƙa 18 kacal ake barin mara lafiya ya yi bayani kafin a katse shi. Mutanen da suka yi shekara da shekaru ana horar da su ke nan. Wanda yake ganin ya san amsa, bakinsa ƙaiƙayi yake yi. Ku malamai ma abin ya fi yi muku wuya, don sana'arku ce ku yi magana a saurare ku.

"Ki yi haƙuri" ba laifi ba ce, amma tana da lokacinta. In ta zo a farko, abin da kunnen mai kuka yake ji shi ne "ya isa haka." "Akwai waɗanda suka fi ki" ta fi ta ɓarna, don kunya take ɗora wa mutum a kan baƙin cikinsa: yanzu ba rashin uwa kaɗai ke cin ta ba, har da jin cewa ita mara godiya ce. Labarin taki mahaifiyar kuwa, na san don ta ga ba ita kaɗai ba ce kika kawo shi, sai dai ya juya zaman, ita ta koma mai sauraro, ƙila ma ta ji ita ya kamata ta lallashe ki. Jimla ɗaya ta isa: "Ni ma na rasa tawa, amma kowa da yadda nasa yake zo masa. Ke yaya naki yake?" Yarinya mai ladabi ba za ta kalli malamarta ta ce ba ki fahimce ni ba. Godiya za ta yi ta tafi.

Wani masanin halayyar ɗan Adam ɗan Amurka, Carl Rogers, ya rubuta a 1957 cewa abin da ke sa irin wannan zama ya yi amfani, kafin kowace dabara, shi ne halin mai sauraren: ya yi ƙoƙarin fahimtar abin yadda mai shi yake jin sa, ya karɓi mutum ba tare da yanke masa hukunci ba, ya kuma zama shi ɗin ne da gaske, ba mai aron fuska ba. Masana sun daɗe suna muhawara kan ko waɗannan kaɗai sun wadatar, ni ma ina ganin ba kullum suke wadatarwa ba, amma babu su ba a zuwa ko'ina.

A aikace abin yana farawa ne daga irin tambayar da kike yi. "Kina samun barci?" amsarta e ko a'a ce, an rufe. "Yaya dare yake zame miki tun rasuwar?" kuwa hanya take buɗewa. Ki rage "me ya sa", don ko da taushi kika faɗe ta, tuhuma take kama da ita: me ya sa ba ki faɗa wa kowa ba, me ya sa kika daina karatu. Ki ce, "Me yake faruwa idan kin zauna za ki yi karatu?"

Sai kuma mayar wa mutum da maganarsa, wanda shi ne ƙashin bayan aikin, shi ne kuma ya fi wuyar sabo. A ce ta ce miki, "Kowa a gida ya manta da ita, har an kwashe kayanta." Amsar da za ta riga zuwa bakinki ita ce, "Haba, ba su manta ba, kowa da yadda yake jimami." Ƙila gaskiya ne, amma gardama ce, kin goyi bayan 'yan gida kin bar ta ita kaɗai. Gwada wannan: "Kina jin kamar ke kaɗai kika rage kina tunawa da ita." Ki tsaya nan. Za ta iya cewa, "E, ko sunanta ba a ambata." Za ta kuma iya gyara miki: "A'a, ba haka ba ne, haushi nake ji da ba a tambaye ni ba aka kwashe." Duka biyun riba ce, gyaran ma ya fi, don yanzu kin san akwai fushi a ƙarƙashin kukan, ita ma ƙila sai a lokacin ta sani. Kada ki ji tsoron yin kuskure a wannan, in dai kin faɗe shi da muryar mai neman tabbaci, ba ta mai yanke hukunci ba.

Shiru ma aiki ne. In ta faɗi magana mai nauyi, ki ƙirga zuwa goma a zuci kafin ki ce komai. Zai yi miki tsawo ƙwarai, amma sau da yawa ainihin maganar da ta kawo mutum bayan shirun take fitowa. In kuka ya zo ki bar shi ya zo, kada ki yi saurin cewa "share hawayenki." Waya a kife, ido ba ya kan agogo. An ce labarin zuciya a tambayi fuska, to ita ma taki take karantawa: ɗan zaro ido guda lokacin da ta faɗi abin kunya ya isa ta haɗiye sauran. Kafin ku tashi ki tattara mata abin da kika ji cikin jimla biyu ko uku, ki tambaye ta ko haka ne.

Sauraro daban, tono daban. In wanda ya zo miki ya gamu da wani mummunan abu ne, haɗarin mota, fyaɗe, hari, kada ki sa shi ya maimaita miki dalla-dalla da sunan wai ya amayar da abin ya huta. An taɓa yayin wannan hanyar, a tara mutane bayan bala'i a sa kowa ya ba da labarin abin da ya gani. Da aka bincika sai aka ga ba ta hana ciwon firgici, wasu ma tana ƙara musu, shi ya sa Hukumar Lafiya ta Duniya ba ta goyon bayanta. Wanda ya so faɗa ki saurare shi, wanda bai so ba ki zauna tare da shi a haka.

Kada ki ɗauka ina cewa ba a taɓa zuwa kan mafita. Ana zuwa, bayan mutum ya ji an ji shi, kuma ba ke za ki kawo ta ba. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Ki taimaka mata ta lissafa abubuwan da ke damunta, ku ware waɗanda za a iya taɓawa daga waɗanda ba a iyawa. Mutuwa ba ta gyaruwa, amma kayan da aka kwashe ana iya roƙon a ba ta wani abu ɗaya ta ajiye. Ta zaɓi matsala ɗaya, ƙarama tukuna. Ku jero duk hanyoyin da suka zo mata, har da waɗanda ba su yi miki ba, sannan ita ta zaɓa. Daga nan ku sauko da abin ƙasa: wa za ta yi wa magana, yaushe, me za ta ce? Ranar da kuka sake haɗuwa ki tambayi yadda aka yi, in bai yiwu ba ku duba abin da ya tare hanya, ba wanda ya yi laifi ba. Abin da za ta samu ya wuce mayafi ko zoben mahaifiyarta, za ta ga cewa akwai abin da har yanzu yake hannunta. In kuma fargaba ta taso mata ana cikin magana, numfashi yana sama-sama, ku yi tare: ja a hankali kina ƙirga uku, saki kina ƙirga uku, daga ciki ba daga ƙirji ba, na 'yan mintuna.

Yanzu maganar jami'a. Zama likitan ƙwaƙwalwa ko ƙwararren masanin halayya yana buƙatar karatu mai tsawo da lasisi, babu gajeriyar hanya. Amma abin da kike nema ba shi ba ne, kuma an tabbatar ana koya wa mutanen da ba su da digiri. A Zimbabuwe wani likitan ƙwaƙwalwa, Dixon Chibanda, ya fara shirin Friendship Bench a birnin Harare: tsofaffin mata masu aikin lafiya a unguwanni aka ba gajeren horo, suna zama da mutane a kan benci a harabar asibiti, zama shida, suna bin irin hanyar warware matsala da na bayyana miki. A binciken da aka buga a 2016, bayan wata shida kusan kashi 14 cikin 100 na waɗanda suka zauna da su ne suka rage da alamun ciwon damuwa, alhali a rukunin da aka kwatanta su da shi, waɗanda ba su yi wannan zaman ba, kusan rabi ne. A Pakistan ma an horar da mata ma'aikatan lafiya na karkara su taimaki masu ciki da masu jego da ke fama da ciwon damuwa, sakamakon da aka buga a 2008 ya yi kyau. Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar da nata tsarin a 2016, Problem Management Plus, zama biyar, mako-mako, bayan an gwada shi a Pakistan da Kenya. Ki lura da abin da ya haɗa su: ba kirkin zuciya kaɗai aka dogara da shi ba. Akwai tsari a rubuce, akwai gwaji, akwai kuma ƙwararre a sama da ake komawa wurinsa a kai a kai. Wannan na ƙarshen shi mutane suka fi tsallakewa, ni kuma a ganina shi ya fi muhimmanci.

Inda zan so ki fara shi ne littafin taimakon farko na kwantar da hankali da Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar a 2011 tare da War Trauma Foundation da World Vision. Sunansa Psychological First Aid, kyauta ne a intanet, gajere ne, an kuma fassara shi zuwa harsuna da dama. An rubuta shi ne don lokacin bala'i, amma ginshiƙansa uku, duba, saurara, sada (wato haɗa mutum da inda zai sami taimako), suna aiki a ko'ina. Ƙungiyoyin Red Cross da Red Crescent na ƙasashe da yawa suna horar da 'yan sa kai a kan wannan, haka ma wasu ƙungiyoyin agaji da sassan lafiyar ƙwaƙwalwa na asibitoci. Kwas iri-iri kuma sun cika intanet, wasunsu takardar shaida kawai suke sayarwa. Kafin ki ba da kuɗinki ko lokacinki ki tambaya: su wa ke koyarwa, mene ne horonsu? Ana yin gwaji, wani ya zama mai damuwa ke ki saurare shi ana kallonki a gyara miki? Bayan an gama akwai wanda za ki riƙa kai wa abin da ya shige miki duhu? Kwas ɗin da daga farko har ƙarshe lacca ce, zai ƙara miki sani, amma ba zai canza abin da bakinki zai yi ba idan wata ta fashe da kuka a gabanki.

Kafin ki sami kwas ma kina iya fara gwajin. Ki nemi abokan aiki biyu masu sha'awa. Ɗaya ta kawo ƙaramar damuwa ta gaske, ba mai nauyi ba, ɗaya ta saurara minti goma babu shawara ko ɗaya, ta ukun ta zauna da biro tana rubuta sau nawa aka katse, sau nawa aka ce "ni ma", sau nawa aka tsallake zuwa mafita. Sai ku yi musaya. Zaman farko dariya za ku sha, kuma za ki yi mamakin abin da takardar za ta nuna.

Kada ki raina "sada" ɗin nan. Ƙa'idojin da hukumomin agaji na duniya suka amince da su a 2007 sun tsara taimakon hawa huɗu: a ƙasa tsaro da buƙatun yau da kullum, sai goyon bayan iyali da jama'a, sai taimako na musamman daga wanda aka ba gajeren horo, can sama kuma ƙwararru. Yawancin mutane a hawa biyun farko suke samun sauƙi. Ma'ana, in damuwar yarinya kuɗin jarrabawa ce ko wurin kwana, sauraro mai kyau ba zai biya ba, sai an sada ta da inda za a biya. In kuma kaɗaici ne, wata gwaggo ko ƙawa da za ta jawo ta jiki ta fi mata zama goma da ke. Tun yau ki buɗe shafi a littafinki: asibiti mafi kusa da ke duba lafiyar ƙwaƙwalwa da ranakun da ake ganin likita, ofishin kula da walwalar yara, lambar gaggawa, inda ake kai wadda aka ci wa zarafi. Ki je da kanki ki tabbatar suna aiki. Ranar da buƙata ta taso ba ranar fara tambaya ba ce.

Ki san inda aikinki ya tsaya. Jimami ba ciwo ba ne, kuma wata biyar ba wani dogon lokaci ba ne ga wadda ta rasa uwa. Amma in mutum ya kai mako biyu kusan kullum cikin ƙunci, ko ya daina jin daɗin komai, har ya kasa aikinsa ko karatunsa, wannan na likita ne. Haka wanda yake jin muryoyin da ba kowa ke ji ba, ko yake ganin ana bin sa, ko ya rikice, ko ya yi kwanaki ba barci kuma bai gaji ba, ko ya daina ci, ko shaye-shaye ya kama shi, ko mai jegon da take tunanin cutar da kanta ko jaririnta. Kada ki sa wa ciwo suna, kada ki ce a sha wani magani, kada kuma ki ce a daina wanda likita ya rubuta. Turawa ba kora ba ce, in kin iya faɗa: "Wannan ya fi ƙarfin abin da na sani, ina so mu ga wanda ya fi ni, kuma ina nan ban tafi ba."

Saura ke. Kiran tsakar dare ba alamar kin iya ba ne, alama ce ta ba ki sa iyaka ba, kuma wadda ba ta yi barci ba ita ce mai katse mutane da safe. Ki sa lokaci, ki faɗa wa kowa a fili: daga ƙarfe kaza zuwa kaza ana samuna, zama kuma ba ya wuce minti arba'in. Wadda ta kira da dare ki tambaye ta kai tsaye ko ranta ko na wani yana cikin haɗari. In e ne, wannan na gaggawa ne, a tashi na kusa da ita a nufi asibiti. In a'a ne, ki ce, "Maganarki tana da muhimmanci, shi ya sa ba na so in ji ta da rabin hankali. Gobe da yamma ina jiranki." Wasu za su ji haushi, su ce kin canza. Ki bar su, yawancinsu za su zo goben. Kada ki yarda ki zama ke kaɗai ce madogarar wani, ko da shi ya so haka, kullum ki riƙa tambaya, "Bayan ni, wa kuma ya san wannan?" Ki kuma sami mutum ɗaya mai hankali da riƙon amana, in da hali wanda ya san aikin, da za ki riƙa sauke wa nauyin ba tare da kama sunan kowa ba.

Akwai kuma abin da na lura da shi a wasiƙarki. Yarinya ta ambaci gajiya, sai labarin taki mahaifiyar ya kwararo. Ƙila dabarar lallashi ce kawai, ƙila kuma ke ma ba a taɓa zaunar da ke an ji naki ba. In na biyun ne, ki kai shi wurin wani babba irinki ko ƙwararre, ba wurin ɗaliba ba, don in ba haka ba duk marainiyar da ta zauna a gabanki sai ya taso. Barcin kuma, in kin rufe wayar dare mako biyu bai dawo ba, ki je ki ga likita.